Fartanya Ɗaya, Darussa Uku: Sharhi a Kan Koyar da Aikin Katako da Gyaran Kayan Noma a Manhajar Ƙaramar Sakandare

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce yin sharhi a kan yadda manhajojin ƙaramar sakandare a Nijeriya suka tsara koyar da aikin katako da kula da kayan noma, tun daga 1982 da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 har zuwa garambawul na 2025. Sharhin ya taƙaita ne ga makarantun da Hausa ce harshen da mafi yawan ɗalibansu ke magana da shi a gida da kasuwa.

An daɗe ana kuka da rashin kayan aiki da ƙarancin malamai, kuma kukan yana bisa hanya. Sai dai abin da wannan muƙala ke son nunawa shi ne akwai wani rauni a cikin ginin manhajar ita kanta, wanda ko da an cika kowace makaranta da injuna ba zai gushe ba. An ɗauki ilimin da yake dunƙule a hannun manomi da masassaƙi da maƙeri an rarraba shi tsakanin darussa uku da ba su san juna ba, sa'annan aka koyar da ɓangaren aikin da harshen da ɗalibi bai kai ga yin tunani da shi ba tukuna. Sakamakon haka shi ne yaro ya kammala aji uku yana iya jero sunayen kayan aiki a takarda, amma idan ƙotar fartanyar gidansu ta tsage sai a jira ranar kasuwa. Tun da an shiga sabuwar manhaja, ya kamata malamai da masu tsara manhaja su waiwayi wannan rauni kada a maimaita shi da sabon suna.

2.0 Waiwaye

Koyar da sana'ar hannu a makarantar boko ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A cikin makarantun da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano daga 1909 akwai sashen sana'o'i, inda aka koyar da kafinta da ƙira da dukanci, kuma da Hausa ake koyarwa. Amma da tafiya ta yi nisa sai karatun zama akawu ya rinjayi na sana'a, domin shi ne ke kai mutum ga albashi da muƙami.

Babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya soki wannan karkata, kuma daga shawarwarinsa ne aka samar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, wadda aka sake dubawa a 1981 da 1998 da 2004 da kuma 2013. A ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4 aka shigo da darasin share fagen fasaha, wanda malamai da ɗalibai ke kira Intro Tech. Darasin ya tattaro aikin katako da aikin ƙarfe da lantarki da zanen fasaha da gini a wuri guda. Burin manufar a bayyane yake: bugun 2004 ya yi hasashen cewa bayan ƙaramar sakandare kashi 60 cikin 100 na ɗalibai za su wuce babbar sakandare, kashi 20 su tafi kwalejojin fasaha, kashi 10 cibiyoyin koyon sana'a, sauran kashi 10 kuma su shiga koyon aiki a hannun masu sana'a. Wato ke nan ɗalibai huɗu cikin kowane goma ana sa ran wannan darasi ne zai zame musu tsani.

Domin cim ma haka gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya. Labarin abin da ya same su sananne ne. A makarantu da dama akwatunan sun shekara da shekaru ba a buɗe ba, saboda babu ɗakin da za a kafa injunan, ko babu wutar lantarki, ko babu malamin da ya san kansu, har tsatsa da ɓarayi suka raba su.

Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ta fito da manhajar shekara tara. Da aka sake duba ta a 2012 sai aka haɗe fasaha da kimiyya a rukuni guda, aka kuma haɗe aikin gona da tattalin gida a wani rukunin. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai sana'o'i shida da ɗalibi zai zaɓi ɗaya daga ciki: haɗa lantarki mai aiki da hasken rana, da ɗinki, da kiwo, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar salula, da kuma noman lambu da amfanin gona. Abin lura shi ne babu kafinta a cikin shidan, babu kuma gyaran injunan noma.

3.0 Sharhi

3.1 Abu ɗaya, gida uku

Idan aka ɗauki fartanya a matsayin ma'auni, za a ga yadda manhajojin baya suka yi da ita. A darasin aikin gona ɗalibi yakan haɗu da ita a cikin jerin ƙananan kayan noma: sunanta da Ingilishi, da zanenta, da amfaninta, da umarnin a wanke ta a shafa mata mai a ajiye a inuwa. A darasin fasaha yakan koyi rabe-raben katako da hanyoyin busar da shi da nau'o'in haɗin katako, ba tare da an ambaci ƙota ba ko sau ɗaya. A darasin Hausa kuwa, ƙarƙashin sana'o'in gargajiya, yakan karanta bayanin ƙira da sassaƙa, ya haddace uwar maƙera da zuga-zugi da masaba da awartaki da gizago, ya san akwai Sarkin Maƙera, amma duk a sigar al'adar da ake adanawa domin tarihi. Malamai uku sun taɓa fartanya ɗaya, babu wanda ya miƙa ta ga hannun yaro.

Alhali kuwa a cikin ƙota guda akwai darussan zango sukutum. Masassaƙi ba ya yanko kowane reshe. Yakan nemi wurin da reshe ya rabu da uwarsa, domin a nan jijiyoyin itacen suka murɗe suka yi kauri, kuma wannan kan ne zai karɓi tsinin ruwan fartanya ba tare da ya tsage ba. Wannan shi ne darasin bin jijiyar itace, wanda littafi ke bayyanawa da zane. Idan aka yi ƙota da ɗanyen itace, yana bushewa sai ramin ya saki, ruwan ya riƙa girgiɗi. Shi ya sa manomi kan jiƙa kan ƙotar ya kumbura ya sake kamawa. Ga darasin busar da katako da tasirin laima ke nan. Maƙeri kan gasa tsinin ya yi ja sa'annan ya huda kan ƙotar da shi, kuma ya fi son gawayin ƙirya saboda zafinsa da daɗewarsa. Kusurwar da ke tsakanin ƙota da ruwa ita ke bambanta kayan noma da na huɗa da na shuka, ita ce kuma ke sa bayan mai aiki ya gaji da wuri ko ya jure. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar lantarki ko injin da aka sayo daga ƙetare.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fage ba su raba aikin hannu da buƙatar gida ba. A Suwidin, tun daga shekarun 1870, Otto Salomon ya tsara koyar da aikin katako bisa jerin abubuwan da za a ƙera, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da sharaɗin kowane ɗaya ya kasance abin amfani a gida. A Amurka dokar Smith-Hughes ta 1917, wadda ta samar da kuɗin koyar da aikin gona a sakandare, ta shardanta wa ɗalibi yin aiki a gona ƙarƙashin kulawar malami na aƙalla wata shida a shekara, kuma a can malamin aikin gona shi ke riƙe da ɗakin da ake koyon kafinta da walda da gyaran inji. Ba ana nufin a kwafo tsarinsu ba ne. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: aikin da za a yi shi ke jawo bayani, maimakon a tara bayani ana jiran ranar da aiki zai zo.

3.2 Harshe da keɓaɓɓun kalmomi

Ko a lokacin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru ukun farko na firamare, darussan ƙaramar sakandare da Ingilishi aka tsara su. A 2022 an amince da manufar harshe da ta faɗaɗa amfani da harshen uwa zuwa shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai. Duk da haka, wanda ya san ajin ƙaramar sakandare a Gumel ko Illela ko Misau ya san cewa idan malami ya ga idanun yara sun yi fari-fari, da Hausa yake warware musu. Matsalar ita ce yana yin haka ne ba tare da wani tanadi ba, kowane malami da irin fassarar da ta zo bakinsa.

Misali guda ya isa ya nuna hatsarin wannan. Littattafan fasaha sun raba katako gida biyu da kalmomin Ingilishi waɗanda ma'anarsu ta zahiri ita ce itace mai tauri da itace mai laushi. Amma a ilimin tsirrai rabon bai dogara ga tauri ba. Rukunin farko na itatuwa masu faffaɗan ganye ne, na biyu kuma na masu ganye kamar allura, irin waɗanda suka yawaita a ƙasashen sanyi. Bisa wannan rabo, rimi yana cikin rukunin farko tare da ƙirya, alhali kowane yaro ya san rimi farce ma yana shigarsa. Malamin da ya fassara kalmomin kai tsaye ya koyar da abin da hannun ɗalibi zai ƙaryata. Da an ce masu faffaɗan ganye da masu ganyen allura, sa'annan a koyar da tauri da nauyi da jure gara a matsayin siffofi daban, da ruɗanin bai taso ba.

Ta fuskar aikatau kuwa, Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Akwai sara da sassaƙa da faskara da tsaga da feƙe da kankare da rarake da huda, kowace da irin motsin hannun da take nufi da kayan aikin da ya dace da ita. Akwai wasawa, wadda ake yi a kan dutse, da koɗawa, wadda sai an koma maƙera. Yaron da aka ce masa ya feƙe ba zai faskara ba. Wannan daidaito shi ne abin da ake nema a keɓaɓɓun kalmomi, ga shi kuma a bakin ɗalibai tun kafin su zo makaranta. Inda ake da giɓi shi ne wajen sunayen wasu kayan aikin zamani da sassan inji, kuma a nan ma kafintoci da makanikai sun riga sun hausantar da da yawa: sufana, filaya, sukudireba, samfefa, noti, giris, fulogi, fistin. Akwai kuma wuraren da ke buƙatar tantancewa, kamar kalmar zarto da wasu ke amfani da ita ga abin yanka katako da kuma abin goge ƙarfe, alhali ga magagari da za a iya keɓe wa na biyun.

Aikin tattara irin waɗannan kalmomi yana da magabata. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin sana'o'i. Littattafan Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam sun nuna tun tsakiyar ƙarni na 20 cewa ana iya bayyana kimiyya da Hausa mai daɗi. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, har suka zauna a bakin malamai. Irin wannan hidima ce ɗakin koyon sana'a yake jira. Dangane da fargabar cewa koyo da harshen gida zai raunana Ingilishi, gwajin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba.

Daɗin daɗawa, akwai batun kariya. Dokokin kiyaye hatsari da aka liƙa a bango da Ingilishi ba za su tsayar da hannun yaron da ya ɗora yatsa a gaban kurfi ba. Gargaɗi a ɗakin aiki dole ne a fahimce shi nan take, ba tare da fassara a zuci ba.

3.3 Itatuwan littafi da awon kasuwa

Misalan katako da suka cika littattafan fasaha, irin su iroko da obece da afara, na dazuzzukan kudu ne. Sanin su yana da amfani, tun da su ake sayarwa a 'yan katako. Amma ɗalibin Katsina ko Azare yana zaune ne a tsakiyar marke da aduwa da kanya da maɗaci da giginya da dalbejiya, kuma al'ummarsa ta san aikin kowanne: ƙirya domin turmi, aduwa domin allo da ƙota, giginya domin azara saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Manhajar da ta tsallake wannan sani ta nuna wa yaro, ko da ba da gangan ba, cewa katako na gaskiya shi ne wanda mota ta kawo.

A nan ne kuma ya dace a shigo da maganar kare daji. Madobiya ta sha sara domin fitarwa ƙasashen waje har ta kai aka sanya ta a 2017 cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu. Ɗalibin da zai koyi sarrafa itace ya kamata ya koyi wanda ake sassabe reshensa a bar uwar, da wanda ke saurin tofowa kamar dalbejiya, da wanda bai kamata a taɓa ba.

Haka abin yake ga awo. Nijeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, littattafai kuma da milimita suke lissafi. Amma a kasuwa da inci da ƙafa ake ciniki: katako mai inci biyu da uku, tsawon ƙafa 12, ƙusa mai inci uku, injin ban-ruwa mai inci biyu ko uku. Ɗalibin da bai san inci ɗaya milimita 25.4 ba ne, bai kuma iya karanta gefe biyu na tef ɗin awo ba, ba zai iya sayo kayan aikin da ya zana ba. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a kansa ake gane ko an tsara darasi domin jarrabawa ko domin aiki.

3.4 Gurbin ƙaramin inji

Manhajojin aikin gona sun ba tarakta da manyan na'urorin da take ja fili mai yawa, da zane da sunayen sassa. Amma injunan da ke hannun ƙaramin manomi daban ne. Garmar shanu ta fara yaɗuwa a Arewa tun ƙarshen shekarun 1920. Daga farkon shekarun 1990 shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya bazu da ƙananan injunan ban-ruwa masu amfani da fetur da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Ga injin niƙa da na markaɗe a kowace unguwa, ga abin feshi na goyo, ga amalanke da baro. Waɗannan su ne ɗalibi zai taɓa da hannunsa a hutun da ke tafe.

Injin ban-ruwa shi kaɗai makaranta ne. A jikinsa za a nuna bugu huɗu na inji: zuƙar mai da iska, da matsawa, da ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Za a nuna cewa idan ya ƙi tashi abu uku ake bi da bi, wato mai da wuta da iska, maimakon a hau kwance-kwance. Za a koyi cire fulogi a goge shi a daidaita tazarar bakinsa, wadda a yawancin irin waɗannan injuna take tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Za a koyi wanke matatar iska, abin da ƙurar hunturu ta sa ya zama tilas, da canza baƙin mai bayan awa 20 na farko sa'annan duk bayan awa 100, kamar yadda littafin jagorar injunan Honda na wannan aji ya tanada. A ɓangaren famfon kuwa, ɗalibi zai gane dalilin da ya sa ake cika shi da ruwa kafin a tayar, da yadda gudu ba ruwa ke ƙona abin da ke toshe yoyo, da yadda ɗan ƙaramin huji a tiyon zuƙa ke hana ruwa hawa. Zai kuma gane cewa nauyin iskar sararin sama ne ke tura ruwan, shi ya sa a ƙa'ida ba ya wuce mita 10 da 'yan kai, a aikace kuma mita 7 zuwa 8 ne iyaka, komai ƙarfin injin. Manomin da ya san wannan ba zai zargi makanike ba idan ruwan rijiya ya ja baya a watan Afrilu. Zai sauko da injin kusa da ruwan.

A cikin wannan darasi ne kuma za a dasa dokoki biyu masu ceton rai: ba a zuba fetur inji yana da zafi, ba a kuma tayar da shi a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba da ba ta da wari.

3.5 Jarrabawa

Malami yakan koyar da abin da za a tambaya. Muddin mafi yawan makin wannan fanni yana kan zaɓen amsa da cike gurbi, to alli zai ci gaba da rinjayar zarto. Manufar Ilimi ta 2004 ta ce a aikin hannu kada malami guda ya wuce ɗalibai 20, amma ajin gwamnati a manyan garuruwa yakan ninka haka sau uku ko fiye. Malamin da ke da irin wannan aji, da minti 40, da jarrabawar takarda a gabansa, ba za a zarge shi ba idan ya zaɓi rubutu a allo. Manhajar da ba ta faɗi yadda za a raba aji rukuni-rukuni ba, ba ta kuma ware maki mai tsoka ga abin da aka ƙera ba, ita ta yanke masa hukunci.

4.0 Hujjojin masu ja

Akwai masu ganin cewa karkata ga fartanya da ƙota mayar da hannun agogo baya ne, a zamanin da ake maganar kwamfuta. Wannan fargaba tana da tushe, domin tun zamanin rahoton Phelps-Stokes na 1922 'yan boko da dama a Afirka suka zargi ilimin sana'a da cewa dabara ce ta hana baƙar fata hawa sama. Amsar ita ce ƙota mafari ce kawai. Abin da ake son dasawa shi ne awo daidai, da karanta zane, da bin matsala daki-daki har a gano tushenta, da mutunta kayan aiki. Mai gyaran waya da mai haɗa lantarkin hasken rana duk da waɗannan ɗabi'u suke aiki, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu kuma za su ce ƙira da sassaƙa sana'o'in gado ne, ba kowane uba ne zai so a ce ɗansa yana koyonsu ba. Gaskiya ne akwai wannan kallo a wasu wurare. Amma kafinta da kanikanci da walda ba su da gado, kowa shiga yake yi, kuma idan darasi ya fito a matsayin kula da dukiyar gona, da wuya a sami uban da zai ƙi.

Hujja ta uku ita ce ajin da ya haɗa yara masu harsuna daban-daban, kamar yadda ake samu a Jos ko Kaduna ko Yola. A irin wannan aji tilasta Hausa zalunci ne ga wasu. Abin da ake nema shi ne jagorar malami mai harshe biyu, wadda za a yi amfani da ita inda ta dace, a kuma samar da irinta ga sauran harsuna.

5.0 Shawarwari

Na farko, tun da kiwo da noman lambu suna cikin sana'o'i shida na 2025, a saka musu ginshiƙin aikin katako da gyaran inji a cikinsu. Mai kiwo yana buƙatar akurki da komin abinci da ƙofar garke. Mai lambu yana buƙatar rumfar renon tsiro da akwatin ɗaukar kaya da injin ban-ruwa. Idan ba a rubuta waɗannan a manhaja ba, sana'o'in biyu za su koma karatun allo kamar magabatansu.

Na biyu, a tsara ayyukan bisa jeri. A aji ɗaya a fara da awo da wasa kayan aiki da sanya ƙota. A aji biyu a yi abin da ke buƙatar zarto da ƙusa da daidaita kusurwa, kamar komi da benci, a nan ne kuma za a koyar da ƙa'idar 3-4-5 ta fitar da kusurwa madaidaiciya da igiya. A aji uku a shiga ƙaramin inji da garmar shanu da abin feshi. 'Yan mata su yi kowane mataki tare da maza, domin injin markaɗe da kiwon kaji galibi a hannun mata suke.

Na uku, a fifita kayan hannu a kan manyan injuna. Zarto da guduma da kurfi da tef da dutsen wasawa da sufanu, tare da mataccen injin ban-ruwa guda da za a riƙa kwancewa ana ɗaurawa, sun fi amfani ga makarantar ƙauye a kan na'urar da ke jiran wuta.

Na huɗu, sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su haɗa hannu da kwalejojin ilimi na fasaha, irin na Bichi da Gusau da Gombe da Potiskum, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su tattara kalmomin wannan fage daga bakin masu sana'a. A fara da abin da ake faɗa a maƙera da gareji, a nuna bambancin karin harshe inda yake, kada a ƙirƙiri sabuwar kalma sai inda aka rasa.

Na biyar, malamin Hausa ya karɓi rabonsa. Darasin sana'o'in gargajiya yana iya zama wurin da ɗalibi zai yi hira da maƙeri ya rubuto rahoto, ko ya rubuta umarnin canza baƙin mai mataki-mataki. Rubutun umarni nau'i ne na insha'i da ke horar da tsari da taƙaitawa, kuma babu wata manufar harshe da ta hana shi.

Na shida, a ware kaso mai tsoka na makin zango ga abin da ɗalibi ya ƙera ko ya gyara, a bisa ma'auni bayyananne: daidaiton awo, da ƙarko, da tsabtar aiki, da kiyaye dokokin kariya.

6.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta bi sawun koyar da aikin katako da kula da kayan noma a ƙaramar sakandare daga 1982 zuwa 2025, ta nuna cewa bayan ƙarancin kayan aiki akwai rauni a tsarin manhaja: rarraba ilimi guda tsakanin darussan aikin gona da fasaha da Hausa, da barin malami ya yi fassara ba jagora, da misalan da suka yi nisa da muhallin ɗalibi, da jarrabawar da ba ta duban hannu. Manufar da aka sa gaba a 1977 mai kyau ce, kuma har yanzu ba a makara ba. Ma'aunin da ya kamata masu tsara manhaja su riƙe mai sauƙi ne: ɗalibin da ya kammala aji uku ya iya sanya wa fartanya ƙota, ya haɗa komin da ba ya girgiɗi, ya gano abin da ya hana inji tashi, ya kuma bayyana yadda ya yi da Hausa da Ingilishi.